Farar Motar Galiya a Kowace Ƙofa

Kafin masunta su dawo da kifin safe, farar motar Galiya bint Halfan ta riga ta tsaya a ƙofa biyu. Tsohuwar mota ce, kuma duk garinmu na gaɓar tekun Baɗina babu wanda bai san kukanta ba. Mai motar ba ta san zama ba. A miƙa mata gahawa, ta kurɓi kofi ɗaya, ta girgiza shi alamar ya isa, ta ɗauki dabino guda, tana sa albarka tana laluben takalmi. Shekara ashirin da bakwai ke nan tana wannan zirga-zirga, har wasu na cewa yawo ne ya shige mata jini.

Ba yawo ba ne. Galiya, wadda muke kira Ummu Badar, ma'aikaciyar jinya ce a ƙaramin asibitin garin, ita ke ɗibar jinin masu shirin aure a duba sikila. Mu nan auren zumunci ne abinmu, ɗan wa da 'yar ƙane, kuma jinin sikilar yana bin dangi shiru. Mai ɗauke da shi lafiyarsa ƙalau. Sai biyu sun haɗu ne 'ya'ya ke iya ɗanɗana kuɗarsu.

A shekararta ta farko ta yi kuskure, kuma tausayi ne ya jawo shi. In sakamako ya yi kyau sai ta aika saƙo. In bai yi ba sai ta taka da kanta, don a faɗa cikin mutunci. Ta manta cewa garin nan kowa ya san motar kowa. Wata safiyar Alhamis motar ta tsaya a ƙofar su Shamsa, yarinya 'yar shekara sha tara. Kafin la'asar magana ta gama gari. Auren ya watse. Yaron, wanda shi ma yana ɗauke da jinin, ya auri wata bayan wata shida, don babu wanda ya ga mota a ƙofarsu, a asibiti ya ji nasa. Shamsa kuwa babu wanda ya sake zuwa neman ta.

Tun daga ranar Galiya ta ɗora wa kanta abin da ba a rubuta a takardar aikinta ba. Gidan labari mai daɗi ta je, gidan mara daɗi ta je, gidan da ba a gwada kowa ba ma ta je, har tsayuwar motarta ta daina nufin komai.

Moza, maƙwabciyarmu mai zaman taga, ta sha gwada sa'arta.

"Ummu Badar, jiya na ga motarki a gidan Hamud. Lafiya dai ko?"

"Lafiya lau. Shekaranjiya kuma an gan ta a naki. Me kike ɓoye mana?"

"A'uzubillahi! Ni a gidana alewar halwa kawai kika ci."

"To su ma halwa na ci. Tasu ma ta fi taki za'afaran."

Bara waccan gwiwoyinta suka kumbura, likita ya ce ta rage tuƙi. A daidai lokacin Zayana 'yar Sa'id mai gonar dabino ta zo gwaji tare da Hilal ɗan wan babanta, tun magana ba ta fita ba. Dukansu biyu suna ɗauke da jinin. Zayana ta yi kukanta ta gama, sannan ta ce, "Gwaggo, ba zan iya faɗa wa Baba ba. Ki zo ki faɗa masa."

Sa'id ya saurara har ƙarshe, fuska a murtuke.

"Kakanninmu da wane gwaji suka yi aure?"

"Da babu, ɗan'uwana. Amma ka san ƙananan kaburburan bayan masallaci. Biyu na 'ya'yan mahaifiyarka ne, ɗaya na ɗan tawa mahaifiyar."

Ya daɗe yana juya kofi a hannu. "Na ji, an bar maganar. Amma ga motarki a ƙofata, ga Moza a taga. Don Allah, Ummu Badar, kada ki mayar min da 'yata Shamsa."

Waɗanda suka gan ta ta fito sun ce sai da ta dafa bango. A wannan makon, da gwiwar da ba ta lanƙwasuwa, ta shiga gida goma sha huɗu. Ta je gidan liman, ta je gidan wani gwauro mai gyaran kwalekwale, ta je gidan Moza sau biyu. Moza ta ƙirga ta gaji, ta ce da mata, "Matar nan dai tsufa ya fara taɓa ta." Haka Galiya ta karɓi sunan mai ruɗewa, sunan Zayana ya tsira.

Ba ni na tona wannan ba. Zayana ce da bakinta ta faɗa ranar Alhamis da ta wuce, a taron sallamar Galiya daga aiki, tana riƙe da jaririyar da ta haifa wa wani malamin makaranta ɗan garin Suhar. Moza ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ke ce, Ummu Badar, mai rufa asiri da tafin ƙafa. Ke ce kika sha gahawar da ba kya so a gidaje ɗari don a rasa gane gida ɗaya. Na sha yi miki dariya tare da masu yi, yau kunya nake ji.

Da aka zo miƙa mata kyauta sai aka ga kujerarta wayam. Aka duba waje, babu mota. Na bi ta, don na san inda take zuwa duk Alhamis. A ƙofar Shamsa na same ta. Shamsa yanzu ta haura arba'in da biyar, tana ɗinki, tana kula da tsohuwarta. Ba ta taɓa ce wa Galiya ta yafe ba, ba ta kuma taɓa rufe mata ƙofa ba.

Mun gode, Ummu Badar, Allah ya saka miki, ya sassauta miki gwiwa. Ku kuma 'yan matan da kuka gaje ta a asibiti, ku koyi ɗibar jini, amma ku tuna mutane na kallon inda kuke ajiye mota.

Na leƙa ta ƙofar da ke buɗe. Galiya tana zaune dirshan a kan tabarma, takalmanta a waje. Shamsa ta zuba mata kofi na uku, kuma Galiya ba ta girgiza shi ba.