Hannun Kawu da Gayyar da Ba Ta Zo Ba

Ranar kasuwar Mayahi aka yi karon, farkon damina, gero yana jiran noman fari. Kawuna yana komawa ƙauye a kekensa, wani mai sayar da isansi, wato man fetur, ya fito daga lungu da nasa keken, jarkoki hagu da dama, ba burki. Haka dai waɗanda suka gani suka faɗa mini, ni ban gani ba. Kawu ya karye a hannun dama.

Lokacin na gama karatun shari'a, ina zaune gida ba aiki. Na bincika a hankali, don ina tsoron faɗin abin da ba haka ba. Keke ba shi da asiransi, wato inshora, ba kamfanin da zai biya. Amma a iya fahimtata, wanda ya jawo ɓarna shi ke gyara ta, ko da jaki ya hau. Na roƙi Kawu kada ya yi saurin magana, mu fara zuwa wajen jandarma.

Mai isansin ya riga mu. Ya zo dubiya da dattawan unguwarsu, da goro, da fuskar tausayi wadda nake zaton a ƙofar gida ya ɗaura ta. Suka cika zaure. Wannan ya ce ƙaddara, wancan ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ba wanda ya ambaci burki.

Na ce, "Baba, a gafarce ni, gonar fa? Wa zai nome ta?"

Babbansu ya dube ni sama da ƙasa, irin kallon da ake yi wa ɗan boko. "Kai ɗan lakwal, keken za ka kai ƙara? Gayya za mu yi masa, sai ya rasa inda zai zuba gero."

Duk suka zuba wa Kawu ido. Mutum da furfurarsa, a zaurensa, an kawo masa goro, me zai ce? Ya ce, "Na yafe." Aka shafa fatiha da sauri kamar hadari ya taso.

Gayya ba ta zo ba. Ba na son ɗaukar alhakin kowa, wataƙila nasu gonakin suka riƙe su. Mai isansin kam yakan wuce ta bakin gonar, yana tsayar da keken da diddige, ya ɗaga mini hannu: "Sannu da aiki, alƙali!"

Don ni na ɗauki hauyar. Tafin hannuna ya sale, rabin gonar na iya, rabi ciyawa ta ci. Kawu yana zaune ƙarƙashin aduwa da hannu a ɗaure, yana gyara mini riƙon hauya da baki. Asiransin da ya samu ke nan, kuma rumbunsa bai kai bazara ba.