Gorar Fatsa Daga PK8

Mu huɗu ne a wurin ranar: ni, da maigida, da ƙanensa mai tuƙa taksi, sai wata tsohuwa 'yar ƙasar da ke sayar da gorar fatsa a bakin hanya, can PK8, wato kilomita takwas daga tsakiyar Libreville.

Shekarun nan ne da fetur ya tashi Libreville tsaye, ko'ina ka duba ana ɗora bene kan bene. A wurin irin wannan gini maigida ya faɗo da buhun siminti a kafaɗa. An yi ɗori, ƙashi ya kama, amma hannun dama bai dawo ba. Ko buta sai ya tallafa da hagu. Wata shida yana kwance a ɗakinmu na unguwar Akébé, Juma'a kaɗai ke fitar da shi. Ƙanen ya ce idan damina ta wuce bai miƙe ba, zai yanka tikiti ya mai da mu gida. Maigida kuwa ba abin da ya tsana kamar ya shiga garinmu a ce dawo da shi aka yi.

Wata Juma'ar ya ga mutane a bakin rafi suna fatsa. Da ya shigo ya ce, "Ina son sanda irin tasu." Abin da ya fara nema da bakinsa ke nan tun faɗuwar, don haka ban bari ya kwana biyu ba.

Mu mutanen rairayi ne. Ruwa a rijiya muka san shi, kifi kuwa busasshe a kasuwa. Amma na san icce, ko dai haka na ɗauka. Na bi gorunan da ke jingine ɗaya bayan ɗaya, na zaro gajera mai kauri, na ƙwanƙwasa, na buga gindinta a ƙasa yadda nake gwada taɓarya. Na ce wannan.

Ƙanen ya ce, "Matar Yaya, kifi za a kama ko sakwara za a kirɓa?"

Na ce, "Kai da ka san kifi, wanne ka taɓa kamawa ban da na cikin gwangwani? Yi mana tafinta kawai."

Tsohuwar ba ta yi dariya ba, shi ya sa na saurare ta. Ta sa na riƙe gorar daga gindi, na miƙa hannu, ta koma kan kujerarta ta zauna. Ni da ke daka safe da yamma, ba a jima ba hannuna ya soma rawa. Ta ce, ta bakin ƙanen, ɗanya ce, ruwa ne cike da ita, kuma mai fatsa yini yake yi a haka.

Sai ta shiga bayan rumfa ta jawo wata. Tsawonta ya kai mutum uku, bakinta siriri kamar tsinken tsintsiya, jikinta ya yi ja da hayaƙi don a saman murhu ta bushe. Na shirya hannu don nauyi, sai na ji kamar karan dawa.

Na ce a tambaye ta amfanin tsawon nan. Ta ce ƙananan karfasa ƙarƙashin rassan da suka sunkuyo cikin ruwa suke taruwa, kuma da sun ga inuwar mutum sun watse; da doguwar gora kana nesa za ka sauke musu ƙugiya a hankali. Na ce to sirantar fa, ba za ta karye ba? Ta ce bakin kifin ne mai rauni. Sanda mai tauri yage shi take yi, kifi ya tafi. Wannan kuwa lanƙwasawa take ta bi shi. Ta kaɗa ta a gabana, ta nuna mini: rawar ta tsaya a baki, in ta gangaro tsakiya a ajiye. Ta mirgina ta a ƙasa don a ga ko akwai karkata. Na karɓa na yi duk abin da ta yi, sau biyu, na kuma gwada wasu uku don in tabbata ba bakin ciniki ba ne. Biyu sun yi rawa har gindi.

Duk wannan maigida na tsaye a gefe. Na miƙa masa. Ya karɓa da dama, ya ɗaga, bakin gorar ya sunkuya ya taɓa ƙasa. Ya sake ɗagawa, ta sake faɗuwa. Ya ce, "Mu tafi."

Ƙanen ya juya wajen mota. Ni ban motsa ba, ina kallon tsohuwar, don na ga idonta na kan kafaɗarsa. Ta taso, ta nuna masa da tata gorar: ta matsar da hannu gaba kamar kamu biyu, ta kwantar da gindin a ƙarƙashin damtse, gwiwar hannu manne da haƙarƙari. Ta ce haka tsofaffinsu ke yi.

Ya gwada. Gorar ta tsaya. Motocin katako uku suka wuce, ina ƙirgawa, ba ta sauka ba.

Na ce, "Malam, da ciwo?"

Ya ce, "Ke dai bari."

Gorar ba ta shiga taksin ba, sai ta taga aka zura ta, rabi a waje, maigida na riƙe da ita yana faɗa wa ƙanensa ya bi a hankali. Wajen shiga unguwa ƙanen ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, maganar tikiti a bar ta tukuna.

Washegari bayan asuba na ɗauki fartanya na zaga bayan gida inda ruwan wanke-wanke ke kwanciya. Ban taɓa taɓa tana da hannuna ba, ƙyamarta nake yi har yau. Na tono su ɗaya ɗaya na zuba a gwangwanin tumatir, na rufe da danshin ƙasa, na ajiye kusa da takalmansa.