Jinin Shanu a Firjin Mai Kifi

A unguwar Kachalla Sembe kowa Dokta yake kiran Alisabatu Tobiya, har mata kan kawo mata yara masu zazzaɓi. Sai ta yi ta bayani cewa ita ba likitar asibiti ba ce, binciken ƙwayoyin halitta take yi. Su tafi suna cewa girman kai ne.

'Yar manomin doya ce. Ta yi digiri na uku a kan ƙwayar sammore, cutar da ke ramar da shanu, sannan ta samu aikin bincike na wucin gadi a Afirka ta Kudu, irin wanda masu sabon digiri ke yi kafin su samu kujerar dindindin. Ya ƙare, ta samu wani a Kenya, shi ma ya ƙare. Tana dab da shekara arba'in ta dawo ɗakin mahaifiyarta da akwati biyu.

Ba ta zauna ba. Damina biyu tana bin ruga-ruga tana ɗibar jinin shanu a 'yan kwalabe, tana ajiyewa a injin daskarewa na wani ɗakin gwaji a unguwar Barade. Wata cibiya a Turai ta ce in ta kawo sakamako kafin ƙarshen shekara za a duba yiwuwar ɗaukarta aiki. In shekarar ta ƙare, ta wuce ƙa'idar shekarun da suke ɗauka.

Sai wuta ta ɗauke a garin, mako ya bi mako. Janaretan ɗakin gwajin ya yi ta fama har ya ƙone. Alisabatu ta kwashe kwalaben a kula mai riƙe sanyi, ta tari Keke Napep zuwa kasuwa, wurin Alhaji Maishanu mai sayar da kifin ƙanƙara.

"Alhaji, don Allah, ɗan lungu kawai nake nema a firjinka."

"Jini, Dokta? Kusa da kifin mutane? In aka ji ai na rufe shago."

Ta durƙusa a cikin ruwan ƙarnin da ke malala ƙasa. Kunya ta kama shi, ya karɓa. Ta san sanyin firjin kifi bai kai abin da jinin ke buƙata ba, amma ina za ta? Kullum sai ta zo ta taɓa kwalaben ta ji ko sun saki. Ranar da man janaretan Alhaji ya yanke, da rana tsaka ta same su sun narke.

Duk da haka ta kai su Abuja aka gwada. Abin da take nema a ciki ya lalace, ko ɗaya bai tsira ba.

"Ki koma rugan mana," in ji mahaifiyarta. "Shanu ba su ƙare ba."

"Mama, waɗancan shanun sun yi ƙaura. Kuma shekarar ta ƙare."

Tsohuwar ta tura mata kwanon tuwo. Alisabatu ta kasa kai loma.

Yanzu tana koyar da ilimin halittu a wata makarantar kuɗi a Majidaɗi, tana zana ƙwayar halitta da alli. Ba ta daina neman aikin bincike ba. Lokacin tara, malamai na hira, ita tana bakin taga inda waya ke kamawa, tana tura takardunta Ghana, Jamus, ko'ina. Yawancinsu ko amsa ba sa bayarwa.