Tafiyar Minti Ashirin da Ta Cinye Mana Wuni Guda

Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan ba ku ji ɗuriyata ba. Ina raye, sai dai hanjina ya ragu.

Ni malamin gona ne, an tura ni wani ƙauye can yamma da Katsina. Rabon taki ya haɗa ni faɗa da mutane, har da mai gidan da nake haya, Malam Idi. Kwana uku da yin cacar baki, zazzaɓi ya kama ni, cikina ya ɗaure kamar dutse.

Nan take zuciyata ta tafi kan furar da ake aiko mini daga gidansa.

Na daina cin komai nasu. Na ƙi gaya wa kowa, ina ta haɗiyar ƙwayoyin kemis har mako biyu. Ranar da na kasa miƙewa, Malam Idi ne ya ɓalle ƙofa, ya ɗaure ni a bayansa da rawani, ya tada babur.

Ya kira Yaya Sani a Ƙofar Kaura, cikin Katsina, da wayata. Yaya ya duba taswira a waya, ya ga nisan a miƙe, irin na jirgin sama. Ya ce wa Inna, "Kusa ne. Da jirgi ne ko minti ashirin ba za su yi ba."

Mu kuwa gulbi ya cika, hanyar daji ba ta biyuwa saboda ɓarayi. Sai zagaye. Duk kwanar da Malam Idi ya sha, sai in ce a raina yanzu zai miƙa ni gare su.

Azahar ta wuce, waya ba sabis. A gida har an fara cewa an sayar da ni.

Bayan la'asar muka shigo ta Batagarawa. A ƙofar asibiti Yaya ya ci kwalarsa. "Mi ka yi mashi? Ina kuka tsaya?"

Malam Idi ya kwance rawanin, ya sauke ni.

Aka ɗebi jini, aka yi hoton ciki. Na ce wa likita a duba guba. Ta kalle ni ta ce, "Malam, taifot ne ya huda maka hanji. Wane ruwa kake sha?"

Ruwan tafki nake sha. Ni nake ɗebo abina.

Tiyata, robar hanci, kwana tara ba ci. Kuɗin magani ya cinye ragon layyarmu. Ko a gadon ban yarda ba, sai da wata nas ta sake karanta mini sakamakon.

Ashe leda ɗaya ta jinin da aka ƙara mini ta Malam Idi ce.

Na gode wa Allah, da likitoci, da Inna. Shawarata: zazzaɓi ya wuce kwana uku, a je gwaji. A tafasa ruwa. Nisan ƙauye kuma, a tambayi direba, ba waya ba.

Da na samu ƙarfi na kira Malam Idi, na faɗa masa duk abin da na zarge shi da shi. Ya ce, "Na sani tun ranar da ka fara maido da ƙwarya a cike. Yaushe za ka dawo? Gero ya fara kai."