Hannun Daman Lado

Lado Nababa mutumin wani ƙauye ne a gefen Auyo, inda ake noman shinkafa a fadama. Bai yi nisa a boko ba, bai iya ɗinki ba, bai iya tuƙi ba. Abu ɗaya duk garin aka san shi da shi: jifa. Tun yana ƙarami, idan jan-baki suka sauka a gonar babansa, ba ya neman majajjawa. Hoge kawai zai ɗauka ya wurga daga wannan kunya zuwa can ƙarshen gona, kuma inda ya nufa nan zai faɗa.

Yana da shekara ashirin da bakwai ya samu bizar gadi ya zo Doha, ya bar matarsa Haulat da tsohon ciki. Kamfanin ya ajiye shi a ƙofar wani filin wasa da ke bayan unguwar Aziziya, awa goma sha biyu a tsaye, ranar hutu ɗaya a mako. Da sanyi ya shigo, sai ya ga duk Juma'a da Asabar wasu baƙi na cika filin, 'yan Filifin da 'yan Pakistan da Turawa jefi-jefi, suna wani wasa da suke kira besbol. Mutum ɗaya ya jefa ƙwallo mai tauri, girman lemon zaƙi, wani ya tsaya da kulki ya doke ta. In ya kuskure sau uku, ya fita. Lado yakan leƙa ta waya yana mamakin yadda manyan mutane masu gemu ke ihu a kan wannan.

Wata Asabar da la'asar aka doko ƙwallon ta tsallake waya ta gangaro har gaban rumfarsa. Ya duƙa ya ɗauka. Can nesa wani mai ƙatuwar safar hannu yana ɗaga masa hannu, shi kuwa ya wurga masa ba tare da ya ko cire hular gadi ba. Ƙwallon ta tafi a miƙe kamar an ja zare, ta faɗa cikin safar da ƙara, har mutumin ya yarfe hannu.

Ba a yi minti biyar ba wani gajere mai tumbi ya iso ƙofar yana haki. Wahid sunansa, ɗan Pakistan, manajan ɗaya daga cikin ƙungiyoyin.

"Kai ka jefa? Yalla, maza sake in gani. A'a, ba a nan ba. Zo bayan banɗaki, kada kowa ya gan mu."

Ƙungiyoyi shida ne a gasar, kowacce da kamfanin da ke ɗaukar nauyinta. Duk Oktoba manajoji kan zauna a wani otal su zaɓi sababbin 'yan wasa bi da bi. Wanda aka fara kira shi ne mai alawus mafi tsoka, riyal dubu uku a wata, abin yana raguwa har zuwa na ƙarshe mai ɗari huɗu. Kuma duk wanda aka zaɓa ya ɗauru ke nan shekara huɗu, ba ƙari, ba komawa wata ƙungiya. Wata tara Wahid ya yi yana koyar da Lado a ɓoye. Ranar zaɓe ya yi shiru har aka kira mutum talatin da huɗu, sannan ya ambaci sunansa, na talatin da biyar cikin talatin da shida. Sauran manajoji suka yi dariya, wai Wahid ya ɗauko maigadi.

Lado bai san da wannan ba. Shi dai ya ji ɗari huɗu a kan albashinsa, ya sa hannu a takarda mai shafi bakwai da bai karanta ba, ya kira Haulat yana murna ya ce ta sa a yi wa ɗakinta rufin kwano.

A shekarar farko ƙungiyar ta tashi daga ta biyar zuwa ta biyu. A ta biyu da ta uku suka ɗauki kofi. Lado kan sauka daga gadi, ya canza riga a rumfa, ya shiga fili ya fitar da mutane tara, goma, mutanen da ke karɓar ninkin abin da yake karɓa har sau bakwai. Ba su iya faɗin sunansa daidai ba, sai suke ce masa Laddu, sunan wata alewar ƙasar su Wahid. Ranar walimar kofi na biyu Wahid ya dafa kafaɗarsa a gaban shugaban kamfani ya ba da labarin yadda ya ɓoye shi a bayan banɗaki.

"Ban taɓa yin ciniki mai araha irin wannan ba," in ji shi. "Ɗari huɗu! Ko takalmin wanda aka fara zaɓa ba zai saya ba."

Kowa ya yi dariya. Lado ma ya yi, don Turancinsa ya isa ya gane, kuma bai san abin da zai yi da fuskarsa ba. Washegari ya sami Wahid ya yi masa maganar ƙari.

"Doka ce, Laddu, ba ni na kafa ta ba. Shekara ɗaya ta rage. Insha Allahu da ta cika, da bakinka za ka faɗi abin da kake so."

A shekara ta huɗu kafaɗarsa ta dama ta fara ciwo. Da farko tsami ne kawai bayan wasa. Daga baya sai ya ga in zai yi kabbara hannun dama ba ya kai wa kunne sai ya cije. Bai gaya wa kowa ba. Yakan shafa man zafi, ya ɗaure da tsumma a ƙarƙashin riga, ya ƙirga watannin da suka rage.

A wannan shekarar ne Mashud ya zo. Ɗalibi ne daga Zariya, yana digiri na uku a kan lafiyar 'yan wasa, ƙungiyar ta ɗauke shi yana zama a bayan raga da kwamfuta yana auna gudun kowace jifa. Ranar da Lado ya ji ya amsa waya da Hausa, sai da ya bar fili ya zo ya rungume shi. Tun daga nan duk Juma'a yakan ja shi masaukinsu na ma'aikata, ya tuƙa masa tuwon semo da miyar kuka da Haulat ta aiko. Lado yana ce masa Dakta tun kafin a ba shi digirin, shi kuma yana ce masa Yaya Lado.

Wata Juma'a cikin Janairu, bayan sun wanke hannu, Lado ya ce, "Dakta, takarda nake so ka rubuta mini. Ba tawa kaɗai ba, mu bakwai ne 'yan ɗari huɗu da ɗari biyar. A duba aikin mutum a biya shi, ba lambar da aka kira shi da ita ba."

"Wannan ai haƙƙinku ne, Yaya. Gobe za ka same ta." Mashud ya ɗan dube shi. "Amma na ga jifarka ta ragu tun Nuwamba. Lafiya dai?"

Lado ya tashi ya tura ƙofa, ya cire riga, ya kwance tsumman. Mashud ya danna nan, ya danna can, ya ɗaga hannun a hankali har Lado ya yi ƙara.

"Tun yaushe?"

"Wata huɗu. Don Allah ya tsaya tsakaninmu. Maris kawai nake jira, a gama gasa, shekara huɗuna ta cika."

"Haba Yaya, wa zan gaya wa?"

Takardar ta yi kyau, su bakwai suka sa hannu, Lado ya kai wa Wahid. A lokacin ƙungiyar ta riga ta faɗo ta biyar, manyanta sun tsufa, ana ta raɗe-raɗin kamfani zai rushe ta ya sake gini da sababbi. Akwai masu jifa biyu da aka zaɓo a Oktoba da tsada, ana lallaɓa su kamar ƙwai. Sai ga Wahid ya zo da fara'a.

"Na ga takardarka, Laddu. Wasa shida suka rage, duk kai za ka jefa. Nuna musu ko kai wane ne, ni kuma in kai ta sama da hannuna."

A ƙa'ida mai jifa kan huta kwana biyar tsakanin wasa da wasa. Lado ya jefa Juma'a, ya jefa Asabar, ya koma gadi, ya dawo ya jefa Juma'a da Asabar. Sababbin nan biyu suna zaune a inuwa suna cin gyaɗa. A wasa na biyar, jifa ta sittin da wani abu, ya ji wani abu ya tsinke a kafaɗar kamar igiyar guga. Ƙwallon ta faɗi a gabansa taku uku. Ya durƙusa. Abin da ya fara ji shi ne muryar Wahid yana kiran ɗaya daga cikin sababbin: "Yalla, yalla, shiga!"

A asibiti aka ce jijiya ce ta yage, sai an yi aiki. Inshorar kamfanin gadi ta ce ba a bakin aiki ya ji ciwon ba. Ƙungiya ta ce shi ba ma'aikacinta ba ne, ɗan wasan sha'awa ne mai karɓar alawus, shafi na shida ya faɗa. Aka ba shi ƙwayoyi da majanyin rataye hannu.

Bayan kwana goma aka kira shi ofishin kamfanin a Lusail, hawa na ashirin da biyu. Ya je da safe da kayan gadi, hannu a rataye. Wahid na zaune, Mashud na gefensa da kwamfuta, takardarsu ta mutum bakwai tana kan tebur an ɗora mata kofin shayi.

"Muna sabon gini, Laddu," in ji Wahid. "Matasa muke so. Cikin ku bakwai za mu riƙe biyu, su ma sun janye sunansu daga wannan. Kai kuma shekararka talatin da biyu, ga hannu. Khalas, shi ke nan."

"A wasanku na ji ciwon, ranka ya daɗe."

"A'a. Tun Satumba kake da shi, ka ɓoye mana. Dakta ya rubuto mana tun Janairu." Ya juya kwamfutar ya nuna masa wani zane mai jan layi. "Ya ce hannun ba zai kai baɗi ba ko an huta da shi. To me za mu adana? Wasa shida da ba su da amfani, gara kai ka jefa su da a gajiyar da yaran da muka saya da tsada. Ai ka gane. Rigunan ƙungiya guda biyu da jaka, ka bar su wurin maigadin ƙasa."

Lado ya dubi Mashud. Mashud yana duban kwamfuta.

A bakin lifta ya biyo shi da sauri.

"Yaya Lado, tsaya ka ji. Aikina ke nan, don shi suke biyana. In na ɓoye, ni za a kora, karatuna ya tsaya. Ni ban ce a sa ka wasa shida ba, na dai faɗi abin da na gani."

"Ka ci tuwona, Dakta."

"Na ci, Allah ya saka. Amma wannan daban, wannan daban." Ya zaro wata takarda daga jaka. "Akwai kuma wata alfarma. Hotunan kafaɗarka da awon jifarka na wata shida, babi guda ne a bincikena. Ba za a sa sunanka ba. Sa hannunka kawai ake bukata a nan."

Lifta ta buɗe. Lado ya shiga, bai karɓi biron ba. Kafin ya kai ƙasa wayarsa ta yi ƙara: an cire shi daga zauren ƙungiya.

Kamfanin gadi bai kore shi ba. Sun ɗauke shi daga filin wasa, sun kai shi wurin ajiye motoci kusa da tashar jiragen kamun kifi a Wakra, inda babu rumfa sai laima. Hannun ya warke yadda ya ga dama: yana riƙe cokali, yana riƙe waya, amma ba ya wuce ƙirji. Haulat ta tambayi dalilin da kuɗin wata ya ragu, ya ce an daina wasan. Bai gaya mata sauran ba sai bayan shekara.

Da Babbar Salla Hausawan Doha suka taru cin nama a wani gida a Aziziya. Mashud ya zo cikin farar shadda, an riga an ba shi digirin, ana ta yi masa barka. Yana bin mutane yana gaisawa har ya iso kan Lado, ya miƙo hannu biyu.

"Yaya Lado! Barka da Salla."

Lado ya miƙa masa hagu.

Mutane suka juyo. Mashud ya tsaya da hannu a iska.

"Yi haƙuri da wannan, Dakta," in ji Lado. "Na daman yana wurinku."

Alhaji Ghali, dattijon da ke shugabantar ƙungiyar Hausawa, direba ne da ya shekara ashirin a ƙasar, ya ja shi gefe.

"Lado, ba ka kyauta ba. Ranar Salla? A gaban mutane? Yaron nan shi ke rubuta mana takardu in an samu matsala da kafil, mai riƙe da bizarmu, shi ke raka mu ofisoshi. In ya yi fushi ya janye, wa ka cuta? Je ka ba shi haƙuri."

"Alhaji, ka san abin da ya yi mini?"

"Na sani. Je ka ba shi haƙuri."

Lado ya dubi mutanen da ke tsakar gidan, masu gadi da direbobi, kowa da takardar da yake jira a rubuta masa. Babu wanda ya haɗa ido da shi. Ya taka ya je gaban Mashud, ya sa hannun hagu ya tallafo na dama daga gwiwar hannu, ya ɗaga shi har ya kai inda ake gaisawa.

"Na yi kuskure, Dakta. Ka yafe mini."

"Ba komai, Yaya, ya wuce," in ji Mashud, ya kama hannun ya girgiza da ƙarfi.

Aka ce madalla, aka koma kan nama. Lado bai jira rabonsa ba, don ƙarfe biyu zai karɓi aiki, kuma motar Wakra ba ta jira.