Tsamiyar Inna da Ɓuntun Shinkafa

Mu 'yan Kura da shinkafa muka buɗe ido. Mahaifiyata, Inna, sana'arta gumi: ta jiƙa shanshera, wato shinkafa mai ɓawo, ta turara a tanki, ta shanya, a kai inji. Tankin nan kuwa cin itace yake kamar ba gobe. Ina yarinya akwai ɗorawa da kanya a bayan garinmu. Duk sun tafi ƙarƙashin tankunan mata. Zafi ya ƙaru, damina ta koma zuwa a makare, mu kuma muna ta cewa ikon Allah, alhali gatari na hannunmu.

Saura tsamiyar ƙofar gidanmu, wadda kakana ya dasa. Shekarar da itace ya yi wuya, Kawu, yayan Inna, ya zo da mai saran itace.

"Ki bari a sare ta, ta ishe ki gumi har kaka," in ji shi.

Inna ta ce, "Yaya, wallahi sai dai ka fara da ni."

"To da me za ki turara? Da taurin kai?"

 Sai Inna ta ja ni bayan inji, inda ɓuntu, wato ɓawon shinkafa, ke tsibi guda yana cin wuta a banza, hayaƙi na turnuƙe unguwa. Muka ciko buhuna. Ta huda tsohuwar garwa daga ƙasa, ta kafa taɓarya a tsakiya, ta danƙara ɓuntu kewaye, ta zare taɓaryar, ta kunna.

Kai, mun sha hayaƙi! Gumin farko ya fito rabi ɗanye. Maƙwabta suka yi ta dariya, Kawu ya koma wasa gatarinsa. Ni kaina na ji haushinta. Ita ko a jikinta, ta ƙara huda garwar, ta sake. Ran da wuta ta miƙe shuɗiya, ba hayaƙi, guɗa ta yi ita kaɗai. Masu dariyar nan kuwa su suka riƙa sallama suna aron taɓarya.

Ina alfahari da matar nan, ba na ɓoyewa.

Da ta rasu, cikin bazara ne, rana kamar ta fasa kai. A gindin tsamiyar aka shimfiɗa tabarmin gaisuwa, don babu wata inuwa a layinmu. Kawu, ya tsufa tukuf, ya dafa jikin tsamiyar ya daɗe. Sannan ya dube ni ya ce, "Da ta bar ni na sare, yau a ina za mu zauna mata?"