Ranar da Na Feɗe Gada

Na haura shekara talatin kafin in harbi dabba. Lokacin an gama yaƙin basasa, arzikin mai ya fara shigowa, manyan motoci sun cika tashar Bolari da ke Gombe har ba wurin jingine keke. Ina koyarwa a firamare, ina haya a wani gida da ke bayan garejin masu gyaran mota. A shekarar ne kawuna ya rasu a ƙauyenmu na kudancin Gombe, aka aiko mini da bindigarsa a naɗe cikin tsohon bargo.

Maƙwabcina wani dattijo ne da ya yi ƙuruciyarsa a harbi. Da idonsa ya fara rauni sai ya koma gadi a gidan gurzar auduga. Ina kiransa Baba, shi kuma yana ce mini Malam. Shi ya raka ni na yanki lasin riƙe bindiga, shi ya yi wata biyu yana jera mini gwangwanaye a kan dutse ina kuskure su. Wata Asabar bayan an gama girbi ya ce in shirya.

Da sanyin safiya muka hau kekuna muka yi gabas, har gidajen gari suka ƙare, gonakin auduga ma suka ƙare. Muka ɓoye kekunan a cikin sabara muka bi wani kwari da ƙafa. Rana ta ɗan ɗaga lokacin da ya dafa kafaɗata ya nuna da haɓa. Gada ce namiji, tsaye a gindin kanya, tana tsintar wani abu a ƙasa. Ban tuna jan kunamar bindigar ba. Ƙarar kawai na ji, sai na ga Baba ya riga ni isa wurin, ya juya kanta gabas, ya yi bisimilla ya yanka.

"Na yanka ne don gidanka da gidana duk su ci," in ji shi. Ni Kirista ne, yanka bai zo mini a rai ba sam.

Na ɗauka za mu ɗaure ta a keke mu koma. Sai ya miƙo mini wuƙarsa.

"Ba a tafiya da ita da kayan ciki, Malam. Kafin mu isa gari zafi ya ɓata naman. Kai ka harbe ta, kai za ka buɗe ta."

Muka shimfiɗa ganye muka kwantar da ita rigingine, kanta a tudu. Ya sa na tsaga fatar ciki kaɗan, na cusa yatsu biyu, na ɗora wuƙar a tsakaninsu, kaifinta na kallon sama.

"Yatsunka su riƙa danne tumbi, wuƙa na binsu. In ka huda shi, ko karnuka sai sun yi tunani kafin su ci."

Na ja wuƙar har ƙirji. Ɗumi ya bugi fuskata. Na tsaya ina kallo, na manta da wuƙar da ke hannuna. Na yi zaton jini zan gani da ƙazanta, amma abin da na tarar tsaf yake, kamar adakar da mai ita ya gama shiryawa. Hanji a naɗe yana sheƙi, wani siririn tantani ya riƙe shi, jijiyoyi ja da shuɗi sun bazu a jikin tantanin kamar saiwar ciyawa. Babu wurin da ya rage fanko ko na yatsa ɗaya, kuma babu abin da ya danne ɗan'uwansa.

Baba bai hanzarta ni ba. Da ya ga na dawo hayyacina sai ya nuna mini mafitsara, ya ce in matse bakinta da yatsu in yanke ta a cike, kada ɗigo ya taɓa nama. Na yanke ta ina riƙe numfashi, na kai ta nesa na ajiye. Daga nan ya sa na kewaya da wuƙa jikin wani jan tantani mai kauri da ya raba ciki da ƙirji. Bayansa huhu yake, mai laushi kamar audugar da aka gurza, da zuciya a tsakiya, ba ta kai dunƙulen hannuna ba. Harsashina ya shiga ta bayan kafaɗa ya ratsa huhun. Na zura hannu har wuya na kama maƙogwaro na yanke, na ja a hankali, sai duk kayan suka biyo shi a haɗe suka zube kan ganye.

Na ɗauki hantar ina jujjuyawa. Na sha ganin mahauta a Kasuwar Gombe suna cire madaciya daga hantar akuya, na san in ta fashe nama ya yi ɗaci. Na duba gaba, na duba baya.

"Me kake nema?"

"Madaciya, Baba. Ko na fasa ta ne?"

Ya yi dariya har da tari. "Nemi da kyau. Gada ba ta da ita. Akuya na da ita, barewa na da ita, ita wannan haka Allah ya yi ta. Na feɗe su ba adadi, ban taɓa samu ba."

Na tambaye shi dalili. Ya ce shi ma ya tambayi wanda ya koya masa, bai sami amsa ba.

Baba ya ja tumbin gefe ya tsaga shi da kansa. Ya baza abin da ke ciki da tsinke yana karanta mini: ga ƙwallon kanya na safiyar nan, ga magarya, ga ganyen wake, wato ta shiga gonar wani kafin gari ya waye. Ya juye tumbin ya nuna mini ɗakunansa huɗu. Ɗaya mai gashi-gashi, ɗaya mai ramuka shida-shida kamar saƙar zuma, ɗaya mai shafuka kamar littafi, na ƙarshe sumul. Na shafa ramukan da yatsa. Dabbar da ke yawo a kwari, ba wanda zai taɓa leƙa cikinta, amma an yi mata wannan ado a ɓoye. Sai na ji bakina yana godiya ga Allah da yarenmu, abin da na daɗe ban yi ba.

Muka goge cikin gadar da busasshiyar ciyawa, ya ce kada ruwa ya taɓa shi. Ya tokare haƙarƙarin da ɗan kara don iska ta shiga, muka rufe ta da ganyen sabara saboda ƙuda. Ya hura 'yar wuta ya gasa hantar, ya raba biyu, muka ci a tsaye ba gishiri. Ungulu uku sun riga sun sauka a kan kanyar suna jiranmu mu tafi.

Azahar ta kusa muka shigo Bolari, gadar a bayan kekena. Masu gyaran mota suka bar aikinsu suka biyo mu har ƙofar gida, kowa yana son ya taɓa ƙahon. Matata ta fito da faranti biyu, Baba ya tsuguna ya raba naman, ya ware cinya ɗaya ya ce a kai wa mai gidan da muke haya.